Corolla 2006 da lambar P0171: me ya kamata a fara dubawa kafin a sayi kaya?

Malam Nasiru, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana game da motata, Corolla ƙirar 2006 mai injin lita 1.8. Wutar cek ta kunna tun farkon sanyin bana, kuma da aka jona mata na'urar bincike sai ta nuna lamba ɗaya tak, wato P0171. Mai na'urar ya goge lambar, wutar ta mutu, amma ba a jima ba ta dawo. Abin da nake lura da shi shi ne, da sassafe idan na tayar da ita silo ba ya zama daidai, tana ɗan karkarwa har sai injin ya ɗauki zafi, amma a kan hanya ba ta ba ni wata matsala, tana jan totur yadda ta saba ko da a hanyar Zariya ne da kaya a but. Wani bakanike ya ce a canza sensar salansa, wani ya ce famfon mai ne ya gaji, wani kuma ya ce a wanke nozul. Kowanne daga cikinsu kuɗi ne mai nauyi a wannan zamani, shi ya sa nake roƙon a fahimtar da ni kafin in sayi komai.

Baba Ɗanladi, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, wannan lamba tana nufin mai bai wadaci injin ba, kuma a ƙasar nan idan aka ce mai bai wadata ba, ni wurin famfo da tacen mai nake fara zuwa. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 mutane da yawa ba sa iya cika tanki, kullum allura tana kwance a ƙasa, alhali famfon wannan mota a cikin tankin yake zaune kuma man da ke kewaye da shi ne yake sanyaya shi. Ka haɗa wannan da man 'yan bumburutu da ake sha idan an matsu, wanda ake zubawa daga jarkar da ba wanda ya san me ta ɗauka kafin nan, sai ka ga ragar famfo ta toshe, nozul ma sun fara fesawa rabi da rabi. Motocin da ake kawo mini da irin wannan koke, mafi yawansu a tanki nake samun matsalarsu. Shawarata ita ce a fito da famfon a duba ragarsa, a wanke nozul, sannan a ga abin da zai biyo baya.

Injiniya Bashir, Abuja:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka faɗa game da halin manmu gaskiya ne, sai dai ina roƙon a dakata da buɗe tanki, domin lambar P0171 ba ta ambaci famfo ba, ba ta ambaci nozul ba, haka kuma ba ta ce sensa ta lalace ba. Abin da take faɗa kawai shi ne kwamfutar mota ta ga iska ta rinjayi mai a cikin abin da injin yake ƙonawa, ta yi ta ƙara mai don ta daidaita, har ƙarin ya wuce iyakar da aka ƙayyade mata. Hakan yana iya faruwa saboda mai ya yi kaɗan, kamar yadda Baba ya ce, yana iya faruwa saboda iska ta yi yawa, kuma yana iya faruwa saboda rahoton da ake kai wa kwamfutar ba daidai ba ne.

Injin fetur yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na mai. A wannan mota akwai sensar iska, wadda ake kira iyafulo, a bayan tacen iska, ita ce take auna nauyin iskar da ke shiga, kuma da wannan awon ne kwamfuta take lissafa tsawon lokacin da za ta buɗe nozul. Bayan an ƙona, sensar da ke bakin salansa tana duba hayaƙin ta sanar da kwamfuta ko lissafin ya yi daidai. Idan ta ga ragowar oksijin ta yi yawa, kwamfuta sai ta ƙara mai nan take, kuma wannan ƙarin na gaggawa shi ne na'urar bincike take nunawa da STFT. Idan bukatar ƙarin ta ci gaba, sai kwamfuta ta haddace shi ya zama na dindindin, shi ne LTFT. A mota mai lafiya jimillar biyun ba ta cika wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, kuma sai ta yi nisa sosai, a wasu motoci kusan kashi 25, a wasu fiye da haka, kafin lambar ta fito. Dalilin da ya sa wutar ba ta dawo nan take bayan an goge ba shi ne sai kwamfuta ta ga matsalar a tafiya biyu tukuna take kunna ta.

Malam Nasiru, ga abin da nake so ka yi. Ka koma wurin mai na'urar, ka ce masa kada ya goge komai, kuma kada kowa ya cire kan batir, domin yin hakan yana share abin da kwamfutar ta haddace, wanda shi ne shaidar da muke nema. Ya fara karanta bayanan da ta adana a daidai lokacin da ta rubuta lambar, musamman zafin ruwan injin da gudun motar da juyin injin. Daga nan, bayan injin ya yi zafi, an kashe na'urar sanyi da fitilu, ya karanta STFT da LTFT da awon iyafulo a silo, sannan a taka totur a riƙe shi a juyi 2,500 a minti na kimanin minti ɗaya a sake karantawa. Waɗannan alƙaluma za su raba mana gardama fiye da duk hasashenmu.

Malam Nasiru, Kano:
Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya. An yi yadda aka ce. Bayanan da kwamfuta ta adana sun nuna motar tana tsaye lokacin da lambar ta fito, injin yana juyi 780, zafin ruwa kuma digiri 62. A silo bayan ta yi zafi, LTFT yana kan ƙarin kashi 26, STFT yana yawo tsakanin ƙarin 3 da 7, iyafulo yana nuna giram 1.5 a daƙiƙa. Da aka riƙe totur a 2,500, LTFT ya sauko zuwa ƙarin kashi 8, STFT kuma ya tsaya kusa da sifili. Mai na'urar ya ce shi a ganinsa sensar salansa ce kawai za a canza, tun da ita ce take kawo rahoton.

Injiniya Bashir, Abuja:
Malam Nasiru, kada ka sayi wannan sensa. Alƙaluman da ka kawo sun nuna tana aikinta, domin da ta mutu ko ta yi nauyin amsawa, da wuya rahotonta ya riƙa bin yanayin injin daki-daki haka. Abin da nake gani a nan shi ne iska tana shiga injin ta wata kafa da ke bayan iyafulo. Misalinsa kamar mai ƙirga buhuna ne a ƙofar sito alhali wasu buhunan ta taga ake jefa su, lissafinsa zai zama gaskiya a kan abin da ya gani, amma ba zai yi daidai da abin da ke cikin siton ba.

Dalilin da ya sa matsalar ta fi tsanani a silo a bayyane yake. A silo bakin totur a rufe yake kusan gaba ɗaya, injin yana zuƙa da ƙarfi, kuma duk iskar da yake bukata ba ta wuce giram 2 da 'yan kai a daƙiƙa ba a injin mai wannan girma, saboda haka ƙaramar kafa ma tana iya kawo kashi ɗaya cikin huɗu na iskar ba tare da an auna ta ba. Shi ya sa iyafulo ya nuna 1.5, ragowar ta wata hanya ta bi. Idan aka buɗe totur, iskar da ke bi ta hanyar da ta dace tana ninkuwa, abin da ke shiga ta kafar ya zama ba wani abu ba ne a cikinta, ƙarin man ya sauko. Da famfo ne ya gaji, akasin haka za mu gani, wato a silo komai lafiya tun da mai kaɗan ake bukata, amma a hawan tudu ko wajen wuce wata mota sai ta riƙa shaƙewa, ƙarin kuma ya yi sama. Kai kuwa ka ce a hanyar Zariya ba ta gaza maka ba.

Malam Isiyaku, Jos:
Ina goyon bayan Injiniya, kuma zan ƙara da inda nake zaton kafar take. Manifol ɗin iska na wannan injin, wato 1ZZ-FE na Corolla daga 2003 zuwa 2008, na roba ne mai tauri, shi ne yake raba iska zuwa kowace silinda, kuma tsakaninsa da kan injin akwai gaskit na roba wanda yake bushewa ya lanƙwashe idan ya tsufa. Idan gari ya yi sanyi sai ya ƙanƙance ya bar kafa, idan injin ya yi zafi sai ya ɗan kumbura ya rage ta. Wannan sanannen abu ne a wannan ƙira, har kamfanin ya fito da sabon gaskit mai launin ruwan lemo a madadin baƙin da motocin suka zo da shi. Mu a nan Jos, saboda sanyinmu ya fi na sauran wurare, daga Disamba zuwa Janairu ne muke yawan ganin irin wannan koke, kuma alamomin su ne waɗanda Malam Nasiru ya lissafa: karkarwa da safe, lambar da ke fitowa kafin ruwa ya kai cikakken zafinsa, da lafiya ƙalau a kan hanya. Digiri 62 da kwamfuta ta adana hujja ce babba a wurina.

Duk da haka kada a kwance manifol kafin a duba abubuwan da ke a fili. A cire babban tiyon da ya taso daga akwatin tacen iska zuwa bakin totur, a lanƙwasa shi a hannu a duba cikin ninkinsa, domin tsagar takan ɓuya a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. A duba tiyon da ke ɗauko tururin baƙin mai daga murfin injin, da tiyon da ke zuwa tukunyar birki, da bawul ɗin da ke shigo da tururin fetur daga tanki, wanda idan ya maƙale a buɗe shi ma kafa ce.

Baba Ɗanladi, Kaduna:
To, gani ya kori ji, kuma alƙaluman sun karkata zuwa inda kuka ce. Amma ni ban janye maganata a kan mai ba, domin wannan ƙarin kashi 8 da ya rage a juyi 2,500 bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Mota mai shekara kusan ashirin tana iya ɗaukar cuta biyu a lokaci guda, kuma na sha ganin an toshe kafar iska, wuta ta mutu, bayan watanni ta dawo saboda nozul sun daɗe suna fesawa da ƙyar.

Game da neman kafar, hanyar da muka gada ita ce a tayar da injin yana da sanyi, a riƙa fesa ruwan wanke kafireto kaɗan-kaɗan a gefen gaskit ɗin, silinda bayan silinda. Inda kafar take, injin zai zuƙe ruwan, sautinsa ya canza. Yanzu da ake da na'ura abin ya fi sauƙi, domin za ka ga STFT ya faɗi ƙasa da sifili a daidai lokacin da ka fesa wurin, ko da kunnenka bai ji komai ba.

Abdulhadi, Maraɗi:
Baba, da izininku zan ƙara gargaɗi a kan wannan hanya, saboda zauren nan akwai masu karatu da yawa da ba bakanikai ba ne. Ruwan wanke kafireto yana kama wuta, kuma ƙaramin tartsatsi daga kwayil mai tsaga ko daga wayar da ta goge ya isa ya tayar da gobara a gaban mota. Wanda zai yi, ya yi a fili, injin yana da sanyi, da abin kashe gobara a kusa, kuma kada ya kuskura ya yi amfani da fetur kamar yadda wasu yara suke yi a gareji. Hanyar da ta fi aminci ita ce gwajin hayaƙi, inda ake kashe injin, a toshe bakin tiyon iska, a tura farin hayaƙi a hankali ta ɗaya daga cikin ƙananan tiyo, sai a tsaya da tocila a ga inda yake fitowa. Ba ya bukatar injin yana aiki, kuma yana nuna kafa biyu ko uku a lokaci guda.

Sannan a duba salansa tsakanin kan injin da sensa ta farko. Motocin da aka taɓa yanke musu indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, aka yi walda, ko waɗanda gaskit ɗin salansarsu ya ƙone, suna zuƙar iskar waje ta wurin, sensa ta ga oksijin ta ce mai bai isa ba, kwamfuta ta ƙara mai a injin da ba ya bukata. A irin wannan yanayi lambar P0171 ce za ta fito, amma idan ka cire fulogi za ka same shi baƙi da toka, motar kuma tana shan mai fiye da kima.

Malam Nasiru, Kano:
Ga yadda aka yi. An samu wanda yake da na'urar hayaƙi, kuma hayaƙin ya fito ƙarara ta ƙarƙashin manifol a wajen silinda ta farko, tiyoyin kuwa duk lafiyarsu lau, salansa ma ba ta da kafa. An kwance manifol, tsohon gaskit ɗin ya fito baƙi, ya bushe ya yi shafal. Na samu mai ruwan lemon a kasuwar Ƙofar Ruwa, aka share fuskar kan injin, aka ɗaure kusoshin daga tsakiya zuwa gefe ba tare da an matse fiye da kima ba saboda robar. Bayan an share abin da kwamfuta ta haddace an yi yawo da motar, LTFT a silo ya tsaya a ƙarin kashi 3, iyafulo yana nuna giram 2.1, karkarwar safe kuma ta tafi. Sai dai a juyi 2,500 har yanzu yana nuna ƙarin kashi 7, kamar yadda Baba ya yi hasashe.

Injiniya Bashir, Abuja:
Madalla. Kashi 7 yana cikin abin da ake yarda da shi, amma tun da yana ƙaruwa ne idan iska ta ƙaru, ina zargin ƙura a kan iyafulo kafin in zargi nozul. A cikinsa akwai siririyar waya da ake zafafawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ake gane yawan iskar. Idan ƙurar hunturu ta lulluɓe wayar, ba ta jin iskar yadda ya kamata, sai ta ba da rahoton ƙasa da gaskiya, kuma kuskuren ya fi fitowa idan an taka totur. Kusoshi biyu ne suke riƙe da shi. A cire shi a fesa masa ruwan da aka yi musamman don wannan aiki, kada a taɓa wayar da tsinke ko auduga, kada a busa ta da iskar mai faci, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. A canza tacen iska ma, domin al'adar busa tsohon tace da iska mai ƙarfi tana yayyaga takardarsa, ƙura ta riƙa wucewa kai tsaye.

Hajiya Rabi, Gusau:
Sannunku da ƙoƙari, na bi wannan tattaunawa tun farkonta domin ina da irin matsalar, amma tawa Sienna ce ƙirar 2005 mai silinda shida, kuma lambobi biyu take nunawa, P0171 da P0174. Ita a silo ba ta karkarwa ko kaɗan. Matsalarta tana bayyana ne a hanyar Funtuwa idan an cika ta da mutane aka zo wuce babbar mota, sai ta riƙa jan numfashi kamar za ta tsaya. An riga an canza sensar salansa guda biyu, ba abin da ya sauya. Shin ni ma gaskit ɗin zan sa a duba?

Injiniya Bashir, Abuja:
Hajiya, barka da war haka. Taki daban ce da ta Malam Nasiru. Injin mai silinda shida jeri biyu ne, P0171 na jeri na farko ne, wanda a wannan mota shi ne na ciki wajen gilashi, P0174 kuma na jeri na biyu ne da ke wajen lagireto, kowanne da sensarsa. Idan duka biyun suka yi kuka tare, da wuya a ce sensa biyu sun lalace a rana ɗaya, sai a nemi abin da jerin biyu suke tarayya a kansa, wato iyafulo, babban tiyon iska, ƙarfin turin mai, ko shi kansa man. Tun da a silo lafiya take kuma sai an ɗora mata nauyi take gazawa, kafar iska ta koma ƙarshen abin da zan zarga, sai dai a duba babban tiyon, domin tsagarsa takan buɗe idan injin ya motsa a kan kujerunsa lokacin da aka taka totur. Kada a ci gaba da matsa mata a wannan hali, saboda idan kwamfuta ta kai iyakar ƙarin da za ta iya, injin yana ƙonawa da zafi fiye da kima, abin da kan kai ga ƙonewar bawul da lalacewar indomi. A wanke iyafulo tukuna tun da shi ne mafi arha, idan ba a ga sauyi ba, maganar ta koma hannun Baba.

Baba Ɗanladi, Kaduna:
Hajiya, abin da zan fara tambaya shi ne ko matsalar ta faro ne bayan an sha mai a wani wurin da ba a saba ba. Jama'a za su tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da hukuma ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da kima. Metanol yana bukatar iska ƙasa da rabin abin da fetur yake bukata, saboda haka idan ya yi yawa a tanki dole kwamfuta ta ƙara buɗe nozul, kuma ƙarin zai bayyana a silo da kan hanya baki ɗaya. Idan haka ne, zubar da man da sa mai kyau shi ne maganin.

Idan kuwa a hankali abin ya riƙa ƙaruwa, a auna ƙarfin turin mai da geji kafin a sayi famfo. Layin man waɗannan motoci ba shi da bakin jona geji, sai an cire tiyon an sa mahaɗi mai baki uku, kuma a yi haka injin yana da sanyi, an rage matsin layin, da tsumma a nannaɗe a wurin. A silo allura ta kamata ta tsaya tsakanin 44 da 50 a ma'aunin ƙarfin turi na psi. Amma awon silo kaɗai ba zai wadatar a taki ba, domin famfon da ya gaji yana iya riƙe wannan adadi motar tana tsaye, sai an nemi mai da yawa ya gaza. A ɗaure gejin inda wanda ke zaune kusa da direba zai iya ganinsa, a hau tudu da ita a taka totur sosai. Idan allurar ta faɗi a daidai lokacin da motar take jan numfashi, sai a buɗe tanki a duba raga da tacen da ke jikin famfon, a kuma auna wutar da ke isa gare shi yana aiki, domin soket ɗin da ya yi tsatsa ko rilen da ya ƙone yana rage masa ƙarfi ko da shi kansa sabo ne. Ki sa a kawo mana abin da gejin ya nuna a silo da kan tudu, tare da LTFT na jerin biyu.